Tawadar da Ba Ta Gudana: Nazari a Kan Ajiya da Amana

Daga cikin tambayoyin da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna jujjuyawa akwai wadda ta shafi ma'anar kiyaye abu, wato ko mutum yana cika haƙƙin abin da ke hannunsa ne idan ya killace shi ya hana a taɓa, ko kuwa sai ya sa shi cikin aikin da aka yi shi dominsa. Amsar da ta fi saurin zuwa zuciyar Bahaushe ita ce ta farko, domin rumbu da adaka da kwanonin jere duk shaida ce ta al'ummar da ta ɗauki ajiya a matsayin maganin wata rana, kuma yunwa da fari da ta sha fama da su sun gaskata ta. Sai dai akwai wani jinsi na abubuwa waɗanda ajiya ke kashe su, kuma a wannan zamani da wuya a sami misalin da ya fi fito da wannan a fili kamar ƙaramar na'urar buga takarda mai fesa tawada, wadda jama'a ke kira firinta, da kuma cutar da ta fi kama ta, wato toshewar ƙofofin da tawadar ke fitowa ta cikinsu.

Kaduna gari ne da ya girma a kan takarda. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, arewacin kogin Kaduna ya zama mazaunin akawu da magatakarda da ma'aikatar ɗab'i ta gwamnati, kuma a nan ne jaridar New Nigerian ta fara fitowa a 1966 daga titin Ahmadu Bello. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne ɗab'i ya sauko daga manyan injuna ya shiga ƙananan shaguna, har ya zama duk wanda ya bi ta kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, ko titin Tafawa Balewa kusa da Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kawo da Unguwar Rimi, zai ga shagunan kwamfuta inda ake buga takardar shiga jarrabawar JAMB da sakamakon WAEC da NECO da hoton fasfo da katin ɗaurin aure da takardar neman aiki. A irin waɗannan shaguna firinta jari ce da iyali ke ci daga gare ta, don haka lafiyarta da rashin lafiyarta magana ce ta abinci da kuɗin makaranta.

Kafin a shiga tambayar ya kamata a fahimci yadda na'urar ke aiki. A cikinta akwai wani ɓangare da ke kai da komowa a kan takarda, wanda masu gyara ke kira hed, wato kai, kuma a ƙasansa akwai jerin ƙofofi ƙanana ƙwarai waɗanda faɗin kowace bai kai kaurin silin gashi ba. A samfuran Epson masu tankin tawada da suka yawaita a kasuwa, baƙar tawada tana da ƙofofi 180, kowane launi kuma yana da 59, kuma ɗigo mafi ƙanƙanta da suke fesawa bai wuce fikolita uku ba, alhali fikolita ɗaya kashi ɗaya ce cikin tiriliyan na lita. Hanyar fesawar iri biyu ce. Kamfanonin Canon da HP sun fi amfani da zafi, inda wani ɗan ƙaramin maɗumami ke tafasa tawadar cikin ƙiftawar ido har kumfa ya taso ya tunkuɗa ɗigon waje, kuma a kan wannan dabara HP ta fitar da na'urarta mai suna ThinkJet a 1984. Epson kuwa tana amfani da wani sinadari mai lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, sai lanƙwasar ta matso tawadar. Ko ta wace hanya aka bi, tawadar mafi yawanta ruwa ce, ruwa kuma ɗabi'arsa ce ya bi iska, saboda haka duk ƙofar da aka daɗe ba a fesa ta cikinta ba sai tawadar bakinta ta yi kauri, sannan ta daskare, ta rufe hanya.

Masu ƙera na'urar sun san da wannan rauni, shi ya sa suka tanadi wani murfi na roba a gefe guda inda kan ke komawa ya zauna bayan aiki domin iska kada ta shiga, da wani ɗan magogi da ke share bakin ƙofofin, da famfo da ke zuƙo tawada da ƙarfi idan an umarci na'urar ta wanke kanta. Amma Kaduna tana da yanayin da ke gwada wannan tanadi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris hunturu na busar da iska, yana kuma ɗauko ƙura mai laushi daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, kuma wannan ƙurar tana kwantawa a kan takarda da murfin roba har murfin ya kasa rufewa ruf. Sai kuma ɗauke wutar lantarki, domin idan wuta ta tafi na'ura tana tsakiyar aiki, ko mai shago ya zare waya daga bango ba tare da ya kashe ta maɓallinta ba, kan yana tsayawa a fili ba murfi har sai an dawo da wuta. Na uku, wanda ya fi sauran ɓarna, shi ne zama babu aiki, irin na dogon hutun makaranta, ko irin na kullen annobar korona da ya rufe shagunan jihar daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yuni 2020, wanda tsawonsa ya isa ya busar da kan kowace firinta da ba a tayar da ita ba.

Rigakafin da ƙwararru suka yi ittifaƙi a kai ba shi da wahala. A buga ko da shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan launuka sau ɗaya ko biyu a mako, a kashe na'urar ta maɓallinta domin kan ya koma mazauninsa, a lulluɓe ta da ƙyalle a ajiye nesa da taga da rana, kada a bar tanki ya ƙafe har iska ta shiga bututu, kuma kada a gauraya tawadar rini, wadda launinta narkakke ne a ruwa, da tawadar gari, wadda ƙananan ƙwayoyi ne ke yawo a cikinta, domin haɗuwarsu na iya yin guda-guda. A nan ne tambayar farko ke dawowa da ƙarfinta. Mutumin da ya ƙi buga shafin gwaji domin tattalin tawada mai tsada, ya rufe na'urarsa wata biyu yana ganin ya adana dukiya, shi ne wanda zai dawo ya tarar da layuka farare a cikin rubutu, ya wanke kan sau uku ko huɗu, kowace wankewa tana zubar da tawadar da ta ninka ta shafin gwaji sau da yawa, daga ƙarshe kuma ya kai wa mai gyara ya bi ƙofofin da sirinji, ko ya ce masa hed ya mutu. Garin neman gira ya rasa ido, kuma abin da ya kai shi ga haka ɗabi'a ce da ake yabo a wani wurin.

Wannan yana nuna cewa kiyayewa iri biyu ce, kuma kowace tana da muhallinta. Akwai kiyayewar killacewa, irin wadda ake yi wa tsofaffin takardu a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon da kuma Gidan Arewa da ke titin Rabah, inda yawan taɓawa da haske da danshi su ne abokan gaba, kuma takarda ta fi daɗewa idan aka bar ta cikin duhu. Akwai kuma kiyayewar gudana, wadda ta dace da duk abin da rayuwarsa ke cikin motsi, kamar rijiya da ake ɗiba, da hanyar ƙafa da ciyawa ke cinyewa idan an daina bi, da zumunci. Malamai sun fassara hikima da cewa ita ce ajiye kowane abu a muhallinsa, kuma a wannan babi ma'anarta ita ce mutum ya gane wane irin abu ne ke hannunsa kafin ya zaɓar masa hanyar kiyayewa. Alarammomi sun riga masu kwamfuta sanin wannan, domin duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san tawadar zuge da aka haɗa da ƙaro tana bushewa a cikin kurtu idan an kwana biyu ba a tsoma alƙalami ba, sai an zuba ruwa an dama, alhali rubutaccen Alƙur'ani da aka gama da tawadar yambari gafaka ce ke tsare shi. Tawada ɗaya ce a ma'ana, amma hukuncinta kafin ta hau takarda ya saɓa da hukuncinta bayan ta hau.

Shari'ar Musulunci ta san wannan bambanci a babin dukiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da bayansa Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, sun lissafa kiyaye dukiya cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, tare da addini da rai da hankali da zuriya, kuma malaman wannan fanni sun bayyana cewa tsarewar tana da fuska biyu, ta raya abu da ta kare shi daga lalacewa. Misali mafi kusa shi ne dukiyar maraya. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa zakka tana hawa dukiyar yaro ƙarami, kuma a cikin Muwaɗɗa na Imam Malik an kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya umarci waliyyai su juya dukiyar marayu a kasuwanci domin kada zakka ta cinye ta. Waliyyin da ya binne kuɗin maraya a tukunya bai saci ko kwabo ba, amma ɗaya bisa arba'in da ke fita duk shekara zai yi ta zaizaye su, don haka amanarsa ba ta cika ba sai ya ɗauki nauyin motsa su. Daga nan ake gane hukuncin shafin gwaji. Almubazzaranci shi ne kashe dukiya a inda babu amfani, shi kuwa ɗigon da aka kashe domin ƙofa ta zauna a buɗe yana cikin abin da ake kira ciyar da dukiya domin tsare asalinta, kamar harawar da ake ba dabba. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Furƙan, ya yabi bayin da ciyarwarsu ke tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma firinta tana koyar da cewa wani lokaci ƙwauron shi ne hanya mafi kusa zuwa ɓarnar.

Mai hankali zai iya ƙalubalantar wannan da cewa shawarar yawan bugawa ta fi amfanar kamfanonin da ribarsu ke cikin sayar da tawada, kuma ba daidai ba ne a sanya wa dabarar 'yan kasuwa rigar addini. Ƙalubalen yana da tushe, domin an daɗe ana sayar da na'urar da araha a tsauwala kuɗin katirij, wato mazubin tawadar, kuma matsin masu saye da yaɗuwar tawadar ɗure suna cikin abin da ya sa aka fito da samfura masu tanki. Amma bushewar ruwa a cikin iska ba kamfani ne ya ƙirƙiro ta ba, sunna ce daga sunnonin halitta, kuma abin da ƙalubalen ke wajabtawa shi ne auna miƙdari. Shafi ɗaya a mako ya wadatar, wanda kuma aikinsa baƙin rubutu ne jefi-jefi ya fi dacewa da firintar leza mai garin tona, wadda ba ta bushewa ko ta shekara a ajiye. Ma'ana, amana tana farawa tun daga ranar saye, lokacin da mutum zai tambayi kansa ko yana da halin ba wannan abu haƙƙinsa na yau da gobe, domin mallakar abin da ba za a iya kula da shi ba ita ma nau'i ce ta tozarta dukiya.

Inda wannan nazari ya fi nauyi shi ne idan aka juyo da shi kan zuciya da ilimi. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Ibnu Umar inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mahaddacin Alƙur'ani da mai raƙuman da aka dabaibaye, waɗanda ke zama muddin yana lura da su, su kuma tsere idan ya sake su, kuma a kan wannan ne tsangaya ta gina tilawa da tishi na dare da asuba. Sun kuma ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa aikin da ya fi soyuwa ga Allah shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya kira wannan sifa malaka, wato ƙwarewar da ke kafuwa a rai ta hanyar maimaita aiki, kuma tun kafinsa Aristotal na Girka ya koyar da cewa halin kirki ɗabi'a ce da ake samu ta yawan aikatawa. Abin da firinta ke ƙarawa a kan wannan shi ne bayanin yadda lalacewa ke shigowa. Ƙofa ɗaya cikin 180 idan ta toshe babu mai lura, domin maƙwabtanta suna rufe gurbinta, sai an yi asarar da yawa sannan layi ya bayyana a fuskar hoto. Haka nafila ɗaya da aka bari, da shafi ɗaya na hadda da aka tsallake, da ɗan'uwa ɗaya da aka daina gaisarwa, ba sa yin ƙara ranar da suka tafi. Shi ya sa na'urar take da wani zane na gwaji da ke tilasta wa kowace ƙofa ta nuna kanta, kuma wannan ne abin da malaman tarbiyya ke kira muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi dalla-dalla tun aibi bai fito inda mutane za su gani ba.

Har a magani akwai darasi. Masu gyara suna gargaɗin cewa wanda ya ga toshewa ya dinga wanke kai a jere ba hutawa yana cika soson da ke shanye tawadar banza, yana kuma iya jawo iska cikin bututu, kuma abin da ya fi shi ne a wanke sau biyu ko uku a bar na'urar ta huta wasu sa'o'i domin sabuwar tawada ta jiƙa busasshiyar. A kan mai amfani da zafi kuwa, ci gaba da bugawa alhali tawada ba ta zuwa yana ƙona maɗumamin, domin tawadar ce ke sanyaya shi. Duk wanda ya lura da yadda sahu ke cika a Masallacin Sultan Bello a goman ƙarshe na azumi, ya kuma san yadda himmar mutane da yawa ke yin sanyi bayan salla, zai gane cewa gaggawar rama abin da aka yi sakaci da shi wata goma sha ɗaya ba ta maye gurbin kaɗan-kaɗan na kullum, kuma rai, kamar ƙofar da ta bushe, yana buƙatar a jiƙa shi a hankali.

Saura batun abin da ba ya hannun mutum. Mai shago a Kawo ba shi ke kawo hunturu ba, ba shi ke riƙe da wutar lantarki ba, kuma yana iya yin duk abin da ya kamata amma wuta ta ɗauke a tsakiyar shafi. A nan ne wasu ke fakewa da ƙaddara su bar rigakafi gaba ɗaya, alhali hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah ya riga ya raba gardama. Ƙyallen lulluɓi da ƙaramin batirin da ke riƙe wuta na 'yan mintoci har a kashe na'ura yadda ya dace su ne dabaibayi, abin da ya faru bayansu kuma shi ne muhallin tawakkali da haƙuri. Nauyin yana ƙaruwa idan abin na wani ne. Mai shagon da ya san launi ɗaya ya toshe amma ya miƙa wa ɗalibi hoton fasfo mai zane-zane ya karɓi cikakken kuɗi ya shiga babin algus, haka ma mai sayar da tawadar jabu a kwalbar ta gaskiya. Ma'aikacin da aka saya wa ofishinsa firinta da kuɗin jama'a ya kulle ta a kabad domin kada na ƙasa da shi su taɓa, har ta mutu da ledarta, yana iya rantsuwa cewa bai ci ko sisi ba, amma matsayinsa ɗaya da waliyyin da ya binne dukiyar maraya.

Kowane misali yana da iyaka, kuma iyakar wannan ita ce niyya. Firinta tana iya wanke kanta a kan lokaci ba tare da ta san dalili ba, kuma shafin gwajin da ta buga ba saƙo ba ne ga kowa. Ibadar da ta koma motsi kawai domin kada a ce an bari tana kama da wannan shafi, wanda ke tsare hanya a buɗe amma ba shi ne abin da aka sayi na'urar dominsa ba. Duk da haka ba a raina shi, domin ranar da ɗalibi zai zo da gaggawa yana neman takardar jarrabawar gobe, shagon da ya yi ta buga shafukan da babu wanda ya karanta shi ne zai iya biya masa buƙata. Haka mumini yake riƙe wuridinsa da tilawarsa da gaisuwar danginsa a ranakun da zuciya ta bushe ba ta jin daɗin komai, yana sane da cewa buɗi daga Allah yake kuma ba a sanar da lokacinsa, kuma abin da aka ɗora wa bawa shi ne idan buɗin ya zo ya tarar da ƙofa ba ta toshe ba.